Kafin Ka Jefar da Tsohuwar Kwamfutarka: Wane Linux Ya Dace da Mutumin Lafani?

Duk wanda ya tashi a Lafani ko wani gari na ƙasar Illela ya san ba a sayen dabba da ka. Ran Lahadi idan mutum ya shiga kara neman sa, sai ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja masa shi ya ga takunsa, sannan a fara ciniki. Amma da an zo kan kwamfuta sai wannan basirar ta gudu ta bar mu. Uba zai sayar da buhunan gero ko albasa ya saya wa ɗansa da ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa kwamfuta 'yar gwanjo, a miƙa ta ga mai gyara a ce ya zuba mata kaya, shi ke nan. Ba mai tambayar me aka zuba. Bayan wata uku ta fara nauyi, filashin abokai ya cika ta da bairos, takardun karatu su koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, a sake kai ta a yi mata fomatin, a sake biya. Na ga wannan zagayen ya maimaitu a gidaje da yawa, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ake zuba wa kwamfuta da farko shi ne babbar manhaja, wadda ke riƙe da allo da madannai da ma'adana, sauran manhajoji duka a kanta suke hawa. Mu nan wadda muka sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, har wasu na zaton kwamfuta ba ta tashi sai da ita. To ga halin da ake ciki. Kamfanin ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ɗan ƙarin lokaci ga wanda ya yi rajistar tsari na musamman. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na takwas, wato na wajajen 2017 zuwa 2018. Ka duba HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad ɗin da ke shigo mana daga Legas da titin Beirut na Kano, da waɗanda ke tsallakowa daga Kwanni. Da yawansu na zubi na uku ne zuwa na shida. Ƙarfensu lafiya lau, amma kamfanin ya sallame su. Wanda ya ci gaba da shiga asusun bankinsa da babbar manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, kamar mai kwana ne a ɗakin da kowa ya san ƙyaurensa ba sakata.

Mafita ɗaya ita ce Linux. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wannan manhaja ya sake ta ga duniya. Ta haɗu da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya fara tarawa a Amurka tun 1983, aka samu cikakkiyar babbar manhaja wadda rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake. Kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa, kuma lasisinta ne da kansa ya halatta hakan. Wannan batu na halacci ba ƙarami ba ne a wurina. Mafi yawan Windows da Office ɗin da ake zuba mana a shaguna ba a biya kuɗinsu ba, an fasa makullinsu ne, kuma sau da yawa abin da aka fasa makullin da shi yana tafe da nasa cutar a ɓoye. Mutumin da ba zai yarda a auna masa hatsi da tiya mai rami ba, bai kamata ya zauna cikin wannan shubuhar ba alhali ga halal kyauta.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Wayar Android da ke aljihunka, Tecno ce ko Itel ko Infinix, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya gaba ɗayansu da Linux suke aiki. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsu kan wani zubi na Linux mai suna Ubuntu da suka gyara don kansu.

Inda mai farawa ke rikicewa shi ne da ya tambaya sai a ce masa Linux ba ɗaya ba ce. Akwai Ubuntu, akwai Mint, akwai Debian, Fedora, Arch, Kali, da wasu ɗaruruwa. Abin kamar gero ne: ƙwaya ɗaya ce, amma wata ta dama fura, wata ta tuƙa tuwo, wata ta yi kunu, kowanne da wanda ya dace da shi da lokacin da ya dace. Kowace ƙungiya ko kamfani na ɗaukar zuciyar nan ta Linux, ta zaɓi fuskar da za a gani a allo, da manhajojin da za su zo a ciki, da yadda za a riƙa tura gyara, ta sa wa abin suna. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce uwa ga da yawa, 'yan sa-kai ke tafiyar da ita. Daga jikinta aka ciro Ubuntu a 2004, aikin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu da kamfaninsa Canonical, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa yake, yana nufin mutuntaka. Daga Ubuntu kuma Clément Lefèbvre ya ciro Linux Mint a 2006. Kaka, uwa da jika ke nan, kuma amfanin sanin wannan nasaba shi ne maganin da aka rubuta don matsalar ɗaya yakan yi wa sauran aiki.

Kafin in faɗi zaɓina, bari in tuna mana wani tarihi na gida, domin Linux ta taɓa zuwa Nijeriya da ganga da algaita. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Nijeriya mai suna Leapsoft ya fito da Wazobia Linux, wadda aka yi niyyar ta yi magana da Hausa da Yarabanci da Ibo. A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin nan kore da fari na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, kuma Linux ce a cikinsu. A shekarar dai aka ƙulla cinikin kwamfutocin Classmate 17,000 don makarantun Nijeriya ɗauke da Mandriva Linux ta Faransa, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Steve Ballmer na Microsoft da ya ji ana shirin goge tasu a sa Windows. Yau ina suke? Wazobia ta daina fitowa, kamfanin Mandriva ya rufe a 2015. Abin da na fahimta daga wannan shi ne babbar manhaja ba ta rayuwa da bikin ƙaddamarwa. Tana rayuwa ne idan akwai masu ci gaba da gyara ta shekara bayan shekara, kuma akwai wani a kusa da kai da zai iya duba maka ita ranar da ta ƙi tashi. Don haka tambayar farko ga duk zubin da aka tallata maka ita ce: su wa ke bayansa, kuma har yaushe suka yi alkawarin kula da shi?

A nan ne Ubuntu da 'ya'yanta suka yi zarra. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, Ubuntu na fitar da zubi mai dogon wa'adi wanda ake wa laƙabi da LTS, a kula da shi shekara biyar. Na Afrilun 2024, wato Ubuntu 24.04, zai kai 2029. Linux Mint 22 da aka gina a kansa ita ma 2029 ce. Fedora kuwa, duk da kyanta da goyon bayan kamfanin Red Hat, sabon zubi take fitarwa duk wata shida, kowanne kuma wajen wata 13 ake kula da shi, ka ga dole ka riƙa ɗaga ta kusan duk shekara. Arch ta fi haka: kullum cikin sabuntawa take ba tsayawa, kuma tana son mai karatun bayanai da haƙurin gyara da hannu. Ga wanda ke zaune inda intanet ke gudu kamar ruwan famfo, wannan ba komai ba ne. Ga mutumin Lafani da ke sayen data da awo, wani lokaci sai ya fita bakin titi ko ya nemi tudu kafin sabis ya tsaya, kowace sabuntawa kuɗi ce daga aljihu.

Sai maganar Kali, wadda dole in tsaya a kanta domin ita ce ke jan hankalin samarinmu. Yaro zai kalli bidiyo a YouTube ko TikTok ya ga baƙin allo da koren rubutu, ya ji an ce da ita ake kutse, sai ya goge komai ya sa ta. An yi Kali ne a 2013 don ƙwararrun da ake biya su gwada tsaron kamfanoni da izinin masu su, kuma masu yin ta da kansu sun ce ba su ba mai farawa shawarar ya mayar da ita manhajarsa ta yau da kullum ba. Ba za ta mayar da kowa gwani ba, kuma shiga na'urar wani ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015. Ƙanena, in ilimin tsaro kake so, fara da Mint ko Debian, ka koyi yadda fayil da izini da hanyar sadarwa ke aiki. Kali ba inda za ta.

Yanzu mu duba haƙoran dabbar, wato ƙarfin kwamfutar da ke hannunka. Abu na farko shi ne ram. In kana da gig 8 ko fiye, Ubuntu ko Mint mai fuskar Cinnamon za su tafi sumul. In gig 4 ne, wanda shi ya fi yawa a kwamfutocinmu, ka ɗauki Mint mai fuskar Xfce, domin fuskar ba ta cin ram sosai, tana bar wa burauza wurin numfashi. In gig 2 ne, duba Lubuntu ko MX Linux, kuma kada ka buɗe shafuka goma a lokaci guda ka ce Linux ta gaza. Akwai kuma tsofaffi tukuf masu bit 32, irin waɗanda suka zo da Windows XP. Ubuntu da Mint na yanzu sun bar su, amma antiX an yi ta ne musamman don irinsu. Wani abin da ke sauya tsohuwar kwamfuta fiye da kowace manhaja shi ne cire tsohuwar ma'adana mai juyawa a sa SSD. In akwai halin yin abu ɗaya tak, wannan za a yi.

Girman abin da za a sauke ma abin lissafi ne. Ubuntu 24.04 ta kusa gig 6, Mint kuwa ba ta kai gig 3 ba. Amma sau ɗaya ake saukewa. Mutum guda ya sauke a Sakkwato inda sabis ke da ƙarfi, ya sa a filashi, filashin nan zai iya zuba wa kwamfuta hamsin a Illela, ba laifi ba shubuha. A sauke daga shafin masu ita na asali kawai. Wani tarkon data da ba a cika faɗa ba: a cikin rumbun manhajoji na Mint za ka ga manhaja ɗaya iri biyu, ɗaya ta tsarin gida, ɗaya an rubuta Flatpak. Ta biyun kan jawo ɗaruruwan megabait na kayan tallafi a saukewar farko. Mai lissafin data ya duba girman da aka nuna kafin ya danna.

Abin da ya fi burge ni game da Linux shi ne ana jan ta a ga takunta kafin a biya. Da ƙaramar manhaja irin Rufus ko Ventoy ake shirya filashi mai gig 8, a soka shi, a kunna kwamfutar ana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ko Lenovo ce, a zaɓi filashin. Linux za ta tashi daga cikinsa ba tare da ta taɓa komai na cikin ma'adanarka ba. A nan za ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo, da madannan Faransanci in kwamfutar daga Nijar ta fito. In Wi-Fi ya ƙi, galibi katin Broadcom ne, wanda ke cikin tsofaffin HP da Dell da yawa. Maganinsa a haɗa waya da kebul a ba kwamfutar intanet, a buɗe manajan direbobi na Mint, shi zai nemo abin da ya dace. Firinta ma a gwada ta tun a wannan matakin. Yawancin na HP suna aiki, wasu sai an sauke musu ɗan ƙari, wasu tsofaffin na Canon kuma suna ba da wahala sosai.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu mu Hausawa kai tsaye. Shekara nawa muna rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, ɓarawo ya koma barawo, saboda madannai ba su da ƙugiya? A cikin saitin madannai na kusan kowace Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya, da ɓ da ɗ da ƙ a shirye, ba sai an sauke komai ba. Malaman zaure da masu ajami kuma akwai salon rubutu biyu na kyauta da cibiyar SIL ta yi: Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, da Harmattan, mai bin salon Warshu na Afirka ta Yamma. Duka biyun suna cikin rumbun Debian da Ubuntu. A ƙasar da Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suka bar tarin rubutu, abin kunya ne jikokinsu su rasa yadda za su buga ajami da kwamfuta alhali kayan aikin na nan kyauta. Ga ɗan kasuwar da ke hulɗa da Kwanni da Tawa kuma, mutum na iya sa Faransanci da Larabci da Turanci a kwamfuta ɗaya yana juyawa.

Sai dai ba zan yaudari kowa ba, akwai wanda bai kamata ya yi gaggawar sauyawa ba. Mai shagon buga takardu da ke cin abinci da CorelDRAW, yana zana katin biki da fosta da kalanda, ya sani CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki ƙwarai, amma sai an koya, kuma fayilolin da abokan ciniki ke kawowa ba duka za su buɗe daidai ba. Haka mai aikin rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, domin irin waɗannan manhajoji galibi don Windows aka rubuta su. Irin waɗannan su bar kwamfutar sana'a yadda take, ko su raba ma'adana biyu, Windows gefe Linux gefe, a zaɓa lokacin kunnawa. LibreOffice da ke zuwa cikin Mint tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint tana kuma adana su, amma takarda mai ado da yawa takan ɗan goce. Ɗalibin da zai kai aikinsa a buga, ya mayar da shi PDF tun daga gida, ba abin da zai motsa. Kuma kada a ce Linux ba ta kamuwa da komai. Bairos ɗin filashi da ya addabe mu ba ya aiki a cikinta, gaskiya ne, amma ba manhajar da za ta ceci wanda ya karanta wa ɗan damfara lambar sirrin da banki ya turo masa.

Ranar da aka yanke shawarar zubawa, abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko a kwashe hotuna da takardu da karatuttukan malamai zuwa wata ma'adana ta waje, a buɗe a tabbatar sun kwafu, domin zaɓin da ke cewa a goge ma'adana gaba ɗaya yana nufin abin da ya faɗa. Na san wani malamin makaranta da ya rasa sakamakon ɗalibansa na zango biyu a irin wannan gaggawa, kuma har yau abin na damuna domin minti ashirin na kwafi da ya hana. Na biyu a tabbatar da wuta. Yawancin kwamfutocin gwanjo batirinsu ya mutu, in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki sai a dawo farko. A yi shi a shagon caji mai sola ko inda janareta ke kunne. Bayan an gama, a kunna Timeshift da ke cikin Mint, wadda ke ajiye hoton tsarin don a koma baya in wani abu ya lalace, sannan a riƙa karɓar gyaran tsaro ko da sau ɗaya a mako biyu.

In aka tambaye ni kai tsaye, ga ɗalibi, da malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti ko na ƙaramar hukuma, da ɗan kasuwa mai lissafin kaya a Lafani, Linux Mint nake ba da shawara, mai fuskar Xfce in ram bai wuce gig 4 ba. Fuskarta ta yi kama da Windows 7 da hannunmu ya saba da ita, saukewarta ba ta da nauyi, wa'adinta mai tsawo ne, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka ya rubuta maganinta. Amma in a unguwarku akwai wanda ya iya Ubuntu ko Debian kuma yana shirye ya zauna da kai, bi tasa, domin malami na kusa ya fi zubin da ya fi kyau a takarda.

Kirana na musamman ga masu gyaran waya da kwamfuta na Illela ne, da ɗalibanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta da ke dawowa hutu daga Sakkwato. Ku ne za ku sa wannan abu ya zauna ko ya bi sahun Wazobia. Kowannenku ya ajiye filashi ɗaya mai Mint a aljihu. Idan dattijo ya kawo kwamfutar ɗansa a yi mata fomatin karo na uku, ku tayar masa da ita daga filashin, ku bar yaron ya taɓa, ku faɗa musu gaskiyar abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, sannan su zaɓa da kansu.